Wuta Ɗaya, Aiki Biyu: Ɗumama Ɗaki da Ruwan Wanka a Gidajen Keffi

Garin Keffi, wanda yake da tazarar kimanin kilomita 50 gabas da Abuja, ba ya cikin garuruwan da aka sani da sanyi, domin a mafi yawan watannin shekara damuwar magidanci ita ce yadda zai kori zafi daga ɗakinsa, musamman a watannin Maris da Afrilu kafin saukar damina. Amma daga ƙarshen Nuwamba zuwa cikin Fabrairu, lokacin da busasshiyar iskar hunturu ke kaɗowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara, ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 20 a ma'aunin Salsiyas tsakanin tsakar dare da hudowar rana, kuma a waɗannan makonni gidajen Liman Abaji, ɗaya daga cikin gundumomin ƙaramar hukumar Keffi, suna fuskantar buƙatu biyu a lokaci guda: ruwan ɗumi na alwalar asuba da wankan 'yan makaranta, da kuma ɗumin ɗakin da tsofaffi da jarirai da masu jego ke kwana. Sanyin bai kai na Jos ba, wadda ke kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, sai dai ya isa ya sa a kwana da kaskon gawayi a ɗaki, ya kuma isa ya sa kuɗin itace da gawayi su ci wani kaso na cefanen gida.

A ƙasashen da ke fama da sanyi mai tsanani an daɗe da haɗa waɗannan buƙatu biyu a na'ura ɗaya, wato tukunyar wuta guda wadda take dafa ruwan famfo, take kuma tura ruwan zafi cikin bututu zuwa ɗakuna. A Keffi ma haɗin ba baƙo ba ne, domin murhun duwatsu uku da kaskon garwashi suna yin aikin biyu tun kaka da kakanni: a ɗora tukunya ruwa ya tafasa, a kwashi garwashin a kai ɗaki a ji ɗumi. Abin da ya rage a tantance shi ne yadda za a yi haɗin ba tare da hayaƙi ya bi ɗumin zuwa inda mutane ke barci ba, da kuma yadda za a auna shi daidai da sanyin da ba ya wuce 'yan sa'o'i a dare, 'yan makonni a shekara.

Lissafin zafi shi ne mafarin fahimtar lamarin. Ruwa abu ne mai cin zafi ƙwarai kafin ya ɗumama, kuma mai jinkirin sakinsa idan ya ɗauka, domin ƙara wa lita ɗaya digiri ɗaya yana buƙatar kimanin kilojul 4.2, wanda shi ne ma'aunin da masana ke auna makamashi da shi. Bokiti mai cin lita 20 wanda ruwansa ya kwana a waje ya sauka zuwa digiri 20, idan ana so ya kai digiri 40 da jiki ke jin daɗin wanka da shi, zai ci kusan rabin yunit na wutar lantarki, kuma yunit ɗaya shi ne aikin kilowat ɗaya na tsawon sa'a guda, wanda shi ne abin da mita ke ƙirgawa. Uwar gida tana cimma wannan sakamako ta hanyar surki, inda take tafasa lita 5 ta zuba a kan lita 15 na ruwan sanyi, lissafin kuwa yana fitowa digiri 40 cif. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da farashin lantarki ta mayar da yunit ɗaya naira 225 ga masu amfani da wuta na rukunin farko, kuma ko da yake ba kowace unguwa da ke ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na AEDC take cikin wannan rukuni ba, a kan wannan farashi bokiti ɗaya ya haura naira 100, gida mai mutum goma kuwa zai kashe fiye da naira 1,000 kowace safiya, idan ma an yi dace akwai wutar da asuba. Hitar da ake tsomawa a bokiti tana jan wat 1,000 ko fiye, abin da ƙaramin janareto ba ya iya ɗauka, ban da haɗarin da ke tattare da tsoma waya mai wuta cikin ruwan da yaro zai iya kai hannu.

Saboda haka ne yawancin gidaje ke komawa ga itace da gawayi, kuma a nan asarar take. Kilo ɗaya na busasshen itace yana ɗauke da makamashin da ya haura yunit huɗu, amma murhun duwatsu uku da aka hura a tsakar gida ba ya isar da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na wannan zafi ga tukunya, sauran yana bin iska. Ma'ana, bokitin wanka ɗaya yana cin kusan kilon itace, kuma zafin da ya salwanta a tsakar gida ya ninka wanda ya shiga ruwan sau shida ko bakwai, alhali a ɗakin da ke kusa akwai tsohuwar da ke rawar ɗari. Buhunan gawayin da ake jerawa a gefen hanyar Keffi zuwa Akwanga, waɗanda da yawansu Abuja suke nufa, daga itatuwa irin su ƙirya da marke da kaɗanya ake samun su, kuma tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da tsadar kananzir da gas ɗin girki da ta biyo baya, matsin da ke kan waɗannan itatuwa ƙaruwa ya yi. Duk wata dabara da za ta kama zafin da ke tserewa ta mayar da shi ɗumin ɗaki ko ruwan wanka tana rage kuɗin magidanci, tana kuma rage gatarin da ke faɗa wa daji.

Sai dai hanyar da aka saba bi wajen kama shi, wato shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga, ita ce mafi haɗari. Gawayi idan yana ci a wurin da iska ba ta wadata ba yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, kuma ba ta sa hawaye ko tari kamar hayaƙin ɗanyen itace, ballantana ta tashi mai barci. Sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini yana kama wannan guba da ƙarfin da ya ninka yadda yake kama oksijin fiye da sau 200, don haka jini kan cika da ita a hankali har ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abin da suke rayuwa da shi. Alamominta na farko su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, waɗanda a wannan yanki nan da nan ake danganta su da zazzaɓin cizon sauro ko mura, kuma abin da ya kamata ya tayar da hankali shi ne a ga duk waɗanda suka kwana a ɗaki ɗaya sun tashi da ciwo iri ɗaya, su kuma ji sauƙi da zarar sun fita waje. Imanin da wasu ke da shi cewa garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi ba ya cutarwa kuskure ne mai kisa, domin a daidai wannan mataki ne gubar ke ci gaba da fita ba tare da wata alama ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga girki da ɗumama ɗaki da itace da gawayi take, ta yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020.

Ƙasar Hausa tana da nata tsohon tsari na haɗa ɗumin ɗaki da ruwan zafi, kuma a ɗakin mai jego ya fi bayyana. A al'adance ana gina gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashinsa inda ake zuba garwashi, sannan a dafa ruwa a babbar tukunya ko garwa domin wankan jego safe da yamma har kwana arba'in, tare da shan kunun kanwa. A shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, musamman Davidson da Parry, sun yi nazarin yawan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa a yankin, inda suka danganta shi da haɗuwar gishirin da ke cikin kanwa da tsananin zafin gadon da na wankan, waɗanda ke ɗora wa zuciya nauyin da ya fi ƙarfinta. Darasin da mai girka na'urar ɗumama gida zai ɗauka daga wannan bincike shi ne cewa zafin da ba a iya aunawa ko ragewa yana cutarwa ko da babu hayaƙi, kuma mai jego ta fi kowa buƙatar ruwa mai ɗumi daidai da ɗaki mai iska.

Wasu al'ummomi sun bi irin wannan hanya, kuma abin da ya same su yana da amfani ga Keffi. A arewacin Sin akwai gadon tubali da ake kira kang, wanda hayaƙin murhun girki ke ratsawa ta cikinsa kafin ya fita ta bututun hayaƙi, a Koriya kuwa tsarin ondol yana bi da hayaƙin ta ƙarƙashin daɓen ɗaki gaba ɗaya. Bambancinsu da gadon ƙasa shi ne bakin wutar yana wajen ɗakin kwana, hayaƙin kuma yana da mafita. Duk da haka, lokacin da Koriya ta Kudu ta koma ƙona curin kwal a shekarun 1960 da 1970, guba ta riƙa kutsowa ta tsagar daɓe tana halaka iyalai cikin barci, kuma ba a shawo kan matsalar ba sai da aka daina bi da hayaƙi ta ƙarƙashin ɗaki, aka maye gurbinsa da bututun ruwan zafi. Wannan ita ce ƙa'idar da duk tsarin zamani ya ginu a kanta: wuta da hayaƙinta su tsaya a waje, ruwa ya zama ɗan aiken da ke kai zafi ciki.

Na'urar da ta fi shahara a Turai a yau ita ce tukunyar gas mai aiki biyu da ake rataya a bango. Asalinta yana komawa ga na'urar dafa ruwan wanka da Benjamin Maughan ya ƙera a Landan a 1868, wadda ba ta da bututun hayaƙi, har Johann Vaillant na Jamus ya samu rajistar wadda ta raba ruwa da hayaƙi a 1894. Ta zamani tana da zagayen ruwa rufaffe wanda famfon lantarki ke turawa zuwa faifan ƙarfe da ke jikin bangon kowane ɗaki, kuma da zarar an buɗe famfon wanka sai wani bawul, wato ƙofar da ke juya akalar ruwa, ya karkatar da zafin zuwa wani sashe inda ruwan sanyi ke ɗaukarsa nan take ba tare da ruwan biyu sun gauraya ba. Tun daga 2005 dokar gini a Ingila ta wajabta irin wadda ke tatsar zafi har daga tururin hayaƙinta, wadda ingancinta ke kaiwa kashi 90 cikin ɗari. Amma wannan na'ura an ƙera ta ne domin gidan da gas ke shigo masa ta bututu, ruwan famfo ke zuwa masa da ƙarfi dare da rana, wutar lantarki kuma ba ta ɗaukewa, kuma babu ɗaya daga cikin ukun da magidancin Liman Abaji zai dogara da shi. Mai ƙarfin kilowat 24, wadda tana cikin ƙanana a kasuwa, tana ƙona kusan kilo biyu na gas a sa'a idan tana aiki da dukkan ƙarfinta, ke nan silindar gas mai kilo 12.5 ba za ta kai sa'a bakwai ba. Sayenta domin sanyin Keffi ɓarnar dukiya ce.

Abin da ya dace da garin, wato hasken rana, yana sama da rufin kowane gida, kuma wanda ya fara nuna haka a wannan yanki ɗan Tasawa ne a jihar Maraɗi. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda aka haifa a 1929 ya rasu a 1991, masanin kimiyyar lissafi da makamashi ne da ya shugabanci ONERSOL, ofishin makamashin rana na Jamhuriyar Nijar, daga 1969 zuwa 1985, kuma a ƙarƙashinsa aka riƙa ƙera na'urorin dafa ruwa da hasken rana a Yamai. Da sunansa ake kiran jami'ar birnin a yau. A Nijeriya kuwa Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1982 a jami'ar da ke ɗauke da sunan Usmanu Ɗanfodiyo, ta daɗe tana ƙera irin waɗannan na'urori tare da murhu mai tsimin itace. Ilimin yana nan kusa, kayan aikin kuma ba su fi ƙarfin mai walda da mai gyaran famfo na Keffi ba, abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai fitar da shi daga cibiyoyin bincike zuwa kasuwa. Isra'ila ta wajabta sanya irin wannan na'ura a sababbin gidaje tun 1980, kuma yau da wuya a ga rufi a can babu ita.

Tsarin na'urar mai sauƙi ne. Akwai faifan tara zafi, wato akwati mara zurfi mai murfin gilashi wanda a cikinsa aka shimfiɗa baƙin ƙarfe da bututun jan ƙarfe manne da shi, sai tanki mai rigar auduga ko soso da ke hana zafi fita. Ruwa idan ya ɗumama yakan yi sauƙi ya hau sama, mai sanyi kuma ya gangaro ya maye gurbinsa, don haka idan gindin tankin ya ɗara saman faifan da kamar santimita 30, ruwan zai riƙa zagayawa da kansa tun hantsi har la'asar ba tare da famfo ko lantarki ba. Idan aka yi sakaci aka ajiye tankin daidai da faifan ko ƙasa da shi, zagayen yakan juya da dare, faifan ya riƙa miƙa wa sararin sama zafin da aka tara, a wayi gari da ruwan sanyi, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi ɓata sunan na'urar. A tsakiyar Nijeriya kowane murabba'in mita yana samun hasken rana da ya kai kimanin yunit biyar a yini, faifai mai kyau kuma yana kama kusan rabinsa, ke nan faifai mai murabba'in mita biyu zai ƙara wa lita 150 kimanin digiri 30. Keffi tana kusan digiri 9 arewa da layin da ya raba duniya biyu, kuma a watan Disamba rana tana karkata kudu sosai, saboda haka faifan ya fuskanci kudu da jinginar digiri 15 zuwa 25, nesa da inuwar bango da ta mangwaro. Hazo yana rage ƙarfin rana a daidai lokacin da aka fi buƙatarta, ƙurar da ke kwanciya a gilashin kuma tana ƙara ragewa, don haka goge shi da jiƙaƙƙen tsumma da sassafe sau biyu ko uku a mako yana cikin aikin na'urar, kuma hikima ce a ɗan faɗaɗa faifan fiye da abin da lissafi ya nuna.

Nauyi ma abin lura ne, domin tanki mai lita 200 ya haura kilo 200 idan ya cika, kuma katakon rufin kwano na yawancin gidaje ba a yi shi domin wannan ba. Gara a yi masa ƙafafun ƙarfe a tsakar gida, ƙasa da babban tankin da rijiyar burtsatse ke cikawa. Irin da ake shigowa da ita daga Sin, mai jerin kwalaben gilashi maimakon faifai, tana riƙe zafi sosai, amma idan ruwa ya yanke ta bushe a rana kwalabenta kan yi zafin da zuba musu ruwan sanyi da tsakar rana ke fasa su, don haka sai da asuba ko bayan magariba ake cika ta.

Haɗa wannan tanki da ɗumin ɗaki shi ne sashen da ya fi buƙatar tunani, kuma akwai hanyoyi biyu da ke iya tafiya tare. Ta farko ita ce mayar da murhun girki mataimakin rana: a gina murhu mai bango da bututun hayaƙin da ya zarce rufi, a naɗa bututun jan ƙarfe a cikin ɗakin wutarsa, a haɗa bakinsa na ƙasa da gindin tanki, na sama kuma da saman tanki, ta yadda duk lokacin da ake tuƙa tuwon dare ruwan tankin yana ƙara zafi, ko da hazo ya rufe rana yini guda. Dole ne bututun ya riƙa hawa ba tare da lanƙwasar da iska za ta maƙale ba, kuma dole ne a bar wa tankin buɗaɗɗen bututun numfashi a samansa wanda babu famfo ko bawul a kansa. Dalili shi ne ruwa idan ya zama tururi yana faɗaɗa kusan sau 1,700, kuma duron da aka toshe ta ko'ina aka hura wa wuta yana iya tarwatsewa ya rushe bango. Mai gidan da ya ga ruwa na ɗiga daga bututun numfashi ya sa aka toshe shi domin tsimi ya jefa iyalinsa cikin haɗari.

Ta biyu ita ce kai zafin ɗaki. Ana jan bututu daga tankin zuwa faifan ƙarfe ko jerin bututun da aka kafa a gindin bangon ɗakin tsohuwa ko na mai jego, a dawo da shi tankin. Tun da tankin yana sama ɗakin yana ƙasa, ruwan zafi ba zai gangaro da kansa ba, sai da ƙaramin famfo mai cin wat kaɗan wanda batirin sola ke iya juyawa dare guda. Lita 150 da ta sauka daga digiri 60 zuwa 40 tana sakin kimanin yunit uku da rabi, wato ɗumin wat 500 na tsawon sa'a bakwai, wanda ya isa ya karya sanyin asuba a ɗaki ɗaya mai silin, kuma ruwan da ya rage a digiri 40 shi ne daidai na alwala da wanka ba tare da surki ba. Wannan lissafi yana nuna iyakar tsarin, domin ɗaki ɗaya ko biyu yake ɗauka, kuma wanda ya ja bututu zuwa kowane ɗaki zai wayi gari babu ɗumi babu ruwan wanka. A Keffi ruwa ne babban aiki, ɗumin ɗaki kuma rara ce da ake ba wanda ya fi rauni a gidan.

Kafin a kashe ko kwabo a kan bututu ya kamata a dubi ɗakin kansa. Ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin soro yana shan zafin rana da yini ya sake shi da dare, shi ya sa tsofaffin ɗakuna ba sa yin sanyin da ɗakin bulo mai kwano ke yi, inda kwanon ke zubar da zafi da zarar rana ta faɗi. Sanya silin, da toshe ƙasan ƙofa, da labule mai kauri a taga, da shimfiɗa tabarma ko darduma a kan siminti, suna rage buƙatar ɗumi da kuɗi kaɗan, kuma silin ɗin zai sake biyan kuɗinsa a bazara. Sharaɗin toshe kafofin iska shi ne babu wata wuta da ke ci a cikin ɗakin.

Tafiyar da tsarin yana da nasa ƙa'idoji, kuma biyu daga cikinsu suna jan juna. Ruwan da ya daɗe a tanki tsakanin digiri 20 da 45 wuri ne da ƙwayar cutar Legionella ke yaɗuwa, wadda aka gano bayan ɓarkewar ciwon huhu a wani taro a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976, kuma ana kamuwa da ita ta hanyar shaƙar feshin ruwa, don haka ake so tankin ya riƙa kaiwa digiri 60 a kai a kai. Amma ruwa mai digiri 60 yana saɓule fata cikin 'yan daƙiƙoƙi, fatar yaro da ta tsoho kuma ta fi saurin ƙonewa. Abin da ke sasanta biyun shi ne bawul mai surki da ake sa wa a bakin fitar tanki, wanda ke gauraya ruwan sanyi da kansa ya tsayar da na famfo ƙasa da digiri 50. Farin bututun roba na ruwan sanyi yana laushi idan zafi ya kai digiri 60, saboda haka layin ruwan zafi sai koren bututun da masu famfo ke kira PPR, kusa da wuta kuwa sai jan ƙarfe, kuma duka a naɗe su da abin da ke riƙe zafi. Inda ruwan rijiya ke barin farin ɓawo a gindin butar shayi, irin wannan ɓawo zai taru a cikin bututun murhu ya ƙuntata shi, don haka a wanke shi sau ɗaya a shekara kafin hunturu, a kuma share kunkunniyar bututun hayaƙi a lokaci guda.

Gida ɗaya zai iya jin nauyin kuɗin farko, amma wuraren da mutane da yawa ke wanka a sa'a ɗaya su ne suka fi saurin mayar da shi: ɗakunan kwanan ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa, makarantun kwana irin su Kwalejin Gwamnati ta Keffi da aka kafa a 1949, ɗakunan haihuwa na Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ƙananan asibitoci, masallatai, makarantun allo, da gidajen haya masu banɗaki ɗaya. Irin waɗannan wurare ne kuma za su iya zama makarantar masu walda da masu gyaran famfo, waɗanda suka ƙware a tankin ruwan sanyi amma da yawansu ba su taɓa girka tsarin da ruwa ke zagayawa da ƙarfin zafinsa ba.

Watannin bazara suna kawo matsalar da Turai ba ta cika sani ba, wato yawan zafi. A Maris da Afrilu ko baƙin tankin roba da ke kan ƙafafunsa yakan ba da ruwan da ba a iya wanka da shi da rana, na'urar rana kuwa tana iya tafasa, don haka ana rufe layin ɗaki gaba ɗaya, a lulluɓe rabin faifan da buhu ko tabarma, a juya ruwan zuwa wanke-wanke da wanki da girki, inda fara dafa abinci da ruwa mai digiri 60 ke rage itace. Ga otal da asibiti masu tsayayyar wuta akwai na'urar da ke aiki irin na firji, wadda ke zuƙo zafi daga iskar ɗaki ta zuba shi cikin tankin ruwa, tana ba da kimanin yunit uku na zafi a kan kowane yunit ɗaya na lantarki, tana kuma hura iska mai sanyi a matsayin rara. A garin da zafi ke ɗaukar wata tara sanyi kuma wata uku, haɗin sanyaya ɗaki da dafa ruwa zai yi aiki a kwanaki masu yawa fiye da haɗin ɗumama ɗaki da dafa ruwa, sai dai a hunturu a juya bakin iskarta zuwa waje.